Fuskar da Na Goge

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta dawo da hotunan.

Ba aike ta yi ba, da kanta ta zo, duka firam shida a cikin kwalin da na kai mata su. Ina shanya kayan yara na ji sallamarta. Na ce ta shigo, ta ce a'a, direba na jiranta. Ta ajiye kwalin a bakin ƙofa, ta zaro babban, wanda mahaifiyarta ke zaune ita kaɗai a kujera, ta juyo min da shi.

"Wace ce wannan?"

Na yi dariya, na zaci wasa take yi. Na ce, "Inna ce mana, Malama."

Ta ce, "Shekara hamsin da uku ina kallon fuskar uwata. Wannan matar ban san ta ba."



Malama ita ce shugabar makarantar da Yaya ke koyarwa, kuma Yaya ce ta haɗa mu. Kwana goma ke nan da na je gidansu. Ƙannenta maza biyu sun zo daga nesa duba Inna da ke fama da shanyewar ɓarin jiki, shi ne Malama ta ce tunda Allah ya haɗa su wuri ɗaya, a samo mace mai ɗaukar hoto wadda za ta iya shiga har ɗakin tsohuwar. Yaya ta ce, "Ai ƙanwata aikinta ke nan, shekara shida tana yi."

Yau Malama ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba, 'yar nan. Ki ba ni na asali, yadda kyamara ta ɗauko su kafin ki sa musu hannu. Ko ba su yi kyau ba, su nake so."

Na ce to, zan duba.

Zan duba, na ce mata.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na kwana ina gardama da ita a zuci, kuma ni na yi nasara.

Wa ya taɓa dawo min da hoto don ya yi kyau? Shekara shida, magana ɗaya nake ji: ki ƙara min haske, ki share min ƙurajen nan, ki rage min kumatu. Akwai wadda ta sa na cire mata haɓa ɗaya daga cikin biyun da Allah ya ba ta, ta bi ni da godiya har bakin titi. To ni ina laifina? Na ga tsohuwa ciwo ya cinye ta, na ce bari in mayar wa 'ya'yanta da ita yadda take a da. Na share tamojin goshi. Na ciko kumatun da suka faɗa. Bakin da ya karkace na daidaita shi, awa biyu ya ci min shi kaɗai. Akwai tawadar Allah a ƙasan idonta na hagu, na ɗauka tabon ciwo ne, na cire.

Baban yara ya tsaya a kan kwalin yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi gareji. Ya ɗaga babban ya ƙura masa ido.

"Wannan ce tsohuwar da kika ce ta haura tamanin?"

Na ce ita ce.

"Tabɗi. Ai ta fi ki ƙuruciya. In tana da ƙanwa ki gaya min."

Na jefe shi da soson wanke-wanke. Ya fita yana dariya. Da ya tafi na juya kwalin ya kalli bango.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Ban kira ta ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yaya ta kira daga ɗakin malamai, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke, me ya haɗa ki da Malama? Tun safe ta tare ni a baranda ta ce in tuna miki. In tuna miki me?"

Na ce hotunan ne ba su yi mata ba.

"Ba su yi mata ba kamar yaya? Ni fa na sa bakina. Ni na ce mata ba ta da matsala."

Ina jin yadda take numfashi. Tun muna yara in Yaya ta fara wannan numfashin nakan nemi inda zan ɓuya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce wajen wankewa aka samu matsala. Na ce na kai wa Dogo mai wanke hoto katin kyamarar gaba ɗaya, injinsa ya yi wani abu, yanzu ana ƙoƙarin dawo da na asalin.

Ta ce, "Au, Dogo ne? To ai sai ki faɗa tun farko. Bari in gaya mata, hankalinta ya kwanta."

Dogo bai taɓa riƙe katina ba. Hotuna shida na tura masa ta waya, ya wanke abin da na ba shi, ya sa a firam, har ya rage min farashin babban.

Na ɗora tukunya na manta da ita. Sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ƙauri take ji.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na je layin masu gyaran kwamfuta. An nuna min wani mai tabarau a shago na ƙarshe, aka ce in dai abu ya taɓa zama a kan kati, shi zai tono shi.

Ya soka katin, ya ce in zauna. Na zauna a benci tsakanin tsofaffin firinta biyu, fanka na kaɗa min zafi. Minti arba'in wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfutarsa. Da ya kai ƙarshe sai hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Takalma. Na mata, na maza, na yara, mai tsini, mai igiya. Takalma ɗari biyu da sittin.

Ya ce, "Hajiya, kin goge katin nan, sannan kin cika shi da wasu har baki. Da gogewa kawai kika yi da an samu. Amma an riga an yi gini a kan filin."

Na ce ya sake gwadawa. Ya sake. Hoto ɗaya ya fito rabi, sama toka-toka, ƙasa kuma ƙafar kujera da gefen darduma. Dardumar ɗakin Inna ce, na gane ta.

Ya ce, "Mai muhimmanci ne?"

Na ce a'a, ba komai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na tura wa Malama saƙo. Sau huɗu ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe na ce har yanzu ana aiki a kan katin, amma in ta yarda zan zo in sake ɗaukar Inna, duk ranar da ta ce, duk tsawon lokacin da take so.

Na ji daɗin kaina da na tura. Na ce shi ke nan, ga hanya ta samu, in na ɗauko sababbi masu kyau wa zai ƙara tambayar tsofaffi?

Amsa ta zo kafin in ajiye wayar.

"Muna asibiti tun jiya. In ta fito."

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Dole ta kai ni shagon Dogo, akwai hotunan fasfo na wasu ma'aikata da zan karɓa. Na so in karɓa a tsaye in wuce, ya janyo min kujera.

"Zauna mana, sarauniyar masu hoto. Kwana biyu kin yi tsada."

Yana yanka hotunan da wannan babban almakashin nasa yana magana. Ya ce kasuwa sai godiya, amma akwai abin da ya ɗaure masa kai. Makarantar su Yaya, shekara tara shi ke wanke musu hotunan ɗalibai na katin shaida da na 'yan ajin ƙarshe. Jiya ya aika a karɓo na bana, aka ce masa an ba wani.

"Ko sannu ba su ce min ba. Na yi ta tunani, ko na taɓa ɓata musu wani aiki ne ban sani ba? Ke da yayarki take can, ba ki ji komai ba?"

Na ce ban ji ba.

Ya ce, "To Allah ya sa haka ne mafi alheri. Dama da shi na yi niyyar canja wa injin nan kai, ya fara ja min layi a baƙin launi. Sai ya ƙara haƙuri, ni ma in ƙara."

Ya zuba hotunan a ambulan, ya rubuta sunana a baya da kyakkyawan rubutunsa, ya ce in gaida maigida da yara.

Ban ji ba, na ce masa. Ina kallon idonsa na ce ban ji ba.

Alhamis, 13 ga wata, bayan magariba

Baban yara ya ce yau sai na faɗa masa. Ya ce kwana tara ke nan ina amsa tambayar da ba a yi min ba, wadda aka yi min kuma ba na ji. Ya kora yara ɗaki, ya zauna a bakin gado da kayan aikinsa ko wanka bai yi ba.

Na gaya masa. Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta, don na lura duk shafukan nan kewaye-kewaye nake yi.

Ranar Asabar ɗin da na je ɗaukar Inna, aiki biyu na karɓa. Malama ta ce ƙarfe uku da rabi, mai sabon shagon takalma kuma ya ce ƙarfe biyar zai buɗe shagonsa, can ɗaya ƙarshen gari. Ban gaya wa ko ɗaya zancen ɗayan ba. Na isa gidan Malama huɗu da minti goma. An yi wa Inna wanka tun biyu, an sa mata kaya, an zaunar da ita tana jira har ta gaji. Na jera su ita da 'ya'yanta, na ɗauki guda arba'in, na fita huɗu da minti talatin da biyar. Ranar Lahadi na zaɓi shida, su kaɗai na kwafa don kwamfutata ta cika, na yi gyaran a kansu, na adana a kansu. Ranar Litinin mai takalma ya kira ya ce in zo in ɗauki kayan shagon ɗaya bayan ɗaya don talla. Kati ɗaya gare ni mai aiki. Ya cika. Na shiga wajen gogewa, kyamara ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e.

Ya ce, "Wannan duk kuskure ne, kowa na yi. Ni na taɓa mayar wa mutum mota ban ɗaure taya ba. Amma Dogo fa?"

Na ce bakina ne ya kuɓuce.

"Baki na kuɓucewa sau ɗaya. Jiya da kika zauna a kujerarsa, shi ma kuɓucewa ya yi?"

Na fara kuka. Bai rarrashe ni ba, bai kuma tashi ba.

Ya ce, "In na ɓata injin mutum, ba na cewa mai sayar da mai ne. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Don gobe da safe ta gaban mai sayar da man zan wuce."

Na ce zan gyara. Ya ce yaushe. Na ce in Inna ta samu sauƙi.

Ya dube ni, ya ɗauki bokiti ya fita.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je asibiti da kyamara a jaka. Na ce wa kaina dubiya zan je, in kuma na ga fuska sai in nemi izini in ɗauki ko guda ɗaya.

Ɗaki na huɗu a hagu. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Malama na zaune a gefen gado ba tabarau, ba mayafin ofis, da ƙaramin tawul a hannu tana goge wa Inna fuska. A hankali take bi, goshi, gefen hanci, ƙasan ido. Da ta zo kan tawadar nan ta tsaya, ta shafa ta da babban yatsa. Tana yi mata magana, ban ji me take cewa ba.

A tsayuwar nan na kalli fuskar Inna fiye da yadda na kalle ta a gidanta. Awa biyar na yi a kan fuskar nan a kwamfuta, amma in da za a tambaye ni kamanninta ba zan iya faɗa ba. Abin da zan cire kawai nake nema.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baiwar Allah, shiga za ki yi ko wucewa?"

Na wuce.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yaya ta kira. Inna ta rasu da asuba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je gaisuwa ni da Yaya. Gidan cike, takalma har bakin ƙofar waje. Na tsaya ina kallonsu har Yaya ta ja ni.

Malama ta amsa gaisuwata kamar ta kowa. Na samu lungu na zauna. Can wata dattijuwa, ina jin ƙanwar marigayiyar ce, ta ce jikokin da ke nesa suna ta roƙo a tura musu hoton kakarsu, wasu tun suna goye rabonsu da ita. Sai matar ƙanin Malama ta ce, "Ai an ɗauka kwanan nan, da su maigidana duka. Ba ga mai hoton nan ba ma?"

Kai goma sha suka juyo.

Malama ta ce, "Ba su fito ba. Matsala aka samu wajen wankewa."

Dattijuwar ta ce, "Kai, masu wanke hoton nan, Allah ya shirye su. Amanar mutane a hannunsu amma ko a jikinsu."

Aka ce amin. Yaya ta dafa gwiwata, wai tana ba ni haƙuri. Ni ma bakina ya motsa. Ina jin amin ɗin na ce.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je gidan Yaya na same ta tana gugar kayan makaranta. Na faɗa mata a tsaye, ban ko ajiye jaka ba.

Ta kafa dutsen gugar a kan gindinsa. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

"Kin san wa ya ce wa Malama ta raba makaranta da Dogo?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ce. Ita ba ta ce komai ba. Ni na shiga ofishinta na ce mutumin da zai yi wasa da hoton mahaifiyarki, ba za a ba shi na yara ɗari huɗu ba. Na yi ne don ke. Na ce ya ja wa ƙanwata abin kunya, sai ya ji a jikinsa." Ta dafe kai. "Kin sa na zalunci bawan Allah da hannuna. Da bakina na ci namansa a gaban malamai."

Na ce ta yafe min.

"Ni ce ta ƙarshe a layi, ki fara da na gaba. Tun kina ƙarama haka kike. Ki fasa kofi ki tura gutsattsarin ƙarƙashin gado, sai wani ya taka."

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da guga. Riga ɗaya ta yi ta bi har na fita. Ba ta ce in gaida yara ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dogo.

Na jira har mutum biyun da ke shagon suka fita. Ya janyo kujerar, na ce a'a, yau a tsaye zan yi magana.

Bai katse ni ba. Yana riƙe da almakashin yana buɗewa yana rufewa. Da na gama ya ajiye shi a kan tebur, ya daidaita shi da gefen tebur ɗin kamar wani abu ya dogara da hakan.

"Ranar da kika zauna nan na tambaye ki, kin sani?"

Na ce na sani.

"To." Ya kalli injinsa. "Kin san na kwana uku ina binciken tsofaffin ayyukan makarantar nan, ina neman inda na yi kuskure? Har matata na tambaya ko na taɓa yi wa wani malami magana ba daɗi."

Na ce zan je in gaya wa Malama da bakina, aikinsa zai dawo.

Ya ce, "Na bana ya tafi, an riga an wanke. Ba shi ne ya dame ni ba. Da kin zo kin ce, Dogo, na shiga uku, ka ɗaukar min wannan laifin, wallahi da wataƙila na ɗauka. Sai ki ɗora min ina barci."

Wani ya shigo da hoton fasfo. Ya juya wajensa da fara'arsa ta kullum. Ni kuma na tsaya kamar tsintsiya a lungu, har na gane an sallame ni.

Lahadi, 23 ga wata, da safe

Malama ba za ta koma ofis ba sai Alhamis. Kwana huɗu. Na wanke labulayen gidan nan duka, waɗanda ba su yi datti ba ma.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na zauna a bencin da iyayen yara ke jira, daga tara har sha ɗaya saura. Yaya ta wuce sau biyu da alli a hannu, ba ta kalle ni ba. A na ukun ta tsaya ta ce, "Gyara ɗankwalinki," ta wuce.

Malama ta rame. Ta nuna min kujera, ta ci gaba da sa hannu a takardu. Na fara tun daga aiki biyun da na karɓa. Da na zo kan katin alƙalaminta ya tsaya. Da na zo kan Dogo ta cire tabarau.

"Wato babu su."

"Babu, Malama."

"Tun ranar da na zo gidanki babu su."

"Tun kafin nan."

Ta daɗe tana kallon taga. Ana jin yara suna maimaita karatu a ajin kusa.

"Ranar da na zo gidanki, Talata ce," ta ce. "Ba a kwantar da ita ba sai Lahadi. Kwana biyar tana zaune a ɗakinta, tana cin abinci, tana yi min faɗa. Da kin ce min babu, da ko mai hoton bakin titi na kira. Gyaran da kika yi ban riƙe ki da shi ba, haka aka koya muku. Gogewar ma tsautsayi ne. Kwana biyar ɗin nan ne ban san yadda zan yi da su ba."

Wannan lissafin ban taɓa yin sa ba. Duk kwanakin nan ina juya laifina ta kowane gefe, ban taɓa ganin wannan gefen ba.



Ta janyo wayarta ta yi ta shafawa, sannan ta miƙo min. "Ƙanina ya turo min shekaranjiya. Ya ɗauka ranar da wayarsa, ya manta yana da shi."

Hoton ya ɗan yi duhu, ya kuma karkace. Inna ce a kujerarta, an gama ɗauka, kowa ya watse. Tana dariya da karkataccen bakinta, idon nan mai tawada ya kusa rufewa. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama bakin mayafin wata mata da ke gefe. Matar ta ba ta rabin baya, jaka a kafaɗa, ta sunkuyar da kai tana duba agogon hannunta.

Ni ce.

Ban san ta riƙe ni ba. Na rantse ban ji ba.

"Tsokanarki take yi," in ji Malama. "Cewa take wannan mai hoton ko ruwan gidanmu ba za ta sha ba, ko an gaya mata muna da rowa ne. Kika ce mata sai wani jiƙon." Ta karɓi wayar. "Na gwada yanke ki daga ciki. In na yanke ki, hannunta ke tafiya."

Ta ce tana son a wanke shi babba. Ta ce in kai wa Dogo da kaina, in ce ita ta aiko ni, ita ma za ta kira shi. Ta ce kada a ƙara haske, kada a daidaita, kada a taɓa komai.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Dogo ya buɗe hoton a kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo. Bai janyo min kujera ba, ni ma ban nema ba.

Ya ce, "In aka buɗa shi da yawa zai fashe, wayar ba ta da ƙarfi. Iyakarsa inci sha biyu da sha shida."

Na ce yadda ya gani.

Hannuna sai ƙaiƙayi yake. Inuwar da ke gefen fuskarta, minti biyu ya ishe ni in ɗaga ta. Na tura hannun cikin jaka na riƙe makullin gida.

Injin ya fara turo takardar a hankali. Kan Inna ya fara fitowa, sai hannun, sai ni. Dogo ya ɗaga shi ta gefe-gefe ya kai bakin ƙofa wajen haske.

"Malama ta kira ni jiya," ya ce, bai juyo ba. "Ta ba ni haƙuri. Mace kamar wannan tana ba ni haƙuri, har kunya ta kama ni." Ya hura ƙura daga kan gilashin firam. "Yayarki ma ta zo. Ita kuka ta yi min a shago, kwastoma suna kallo. Ku gidanku ba a iya yin abu a hankali ne?"

Ban san ko dariya ya halatta ba, sai na yi rabi.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai mata gida. Baƙi sun watse, falon ya yi faɗi. Ta kwance takardar, ta riƙe firam ɗin da hannu biyu, ta zauna da shi a cinya. Na ga leɓenta na rawa, sai na mayar da idona kan darduma har ta gama.

Ta ce in taya ta ratayewa. Ta kawo guduma da ƙusa, na hau kujera, ita ta koma tsakiyar falo.

"Sama kaɗan. Ya isa. Hagu. A'a, hagunki."

Na buga ƙusar, na rataya, na sauko. Muka tsaya tare muna kallo. Duk wanda ya shigo falon nan daga yau zai ga Inna tana dariya, zai kuma ga wata tana duba agogo.

Ta rako ni har ƙofa. A nan ta ce, "Wata mai zuwa za mu yi taron iyaye, ana buƙatar mai hoto. Na ba wani."

Na ce, "To, Malama."

"Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin yayarki. Na yafe miki, tsakanina da Allah. Amma aiki daban."

Na ce na gane. Kuma na gane ɗin.

A hanyar gida na biya shagon Dogo, na ce ya wanke min ƙarami guda ɗaya, wanda zai shiga aljihun jakar kyamara. Ya kalle ni ta saman tabarau, bai tambayi dalili ba. Ya kunna injin, sannan ya sa ƙafa ya turo min kujera.